Tsarin Kwaɗo na Injiniya Tasi'u

Sunan Injiniya ba wanda ya raɗa min shi, ni na raɗa wa kaina, ranar da na karɓi takardar kammala kwas ɗin kwamfuta na wata shida a wani bene da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Kafin nan shekara tara na yi a kantin kawuna Alhaji Goni a Kantin Kwari, ina ninke atamfa, ina jan dila, ina tare baƙi a bakin layi ina cewa su shigo su gani. Takardar nan tana shiga hannuna na ji kantin ya yi min kaɗan. Na ɗauki kujerar da nake zama a kanta na kyautar wa wani ɗan dako, sannan na bi majalisun Fagge ɗaya bayan ɗaya ina shelar cewa ni da almakashi mun raba hanya har abada.

Kawu Goni yayan mahaifiyata ne, kuma mutum ne da ba ya ɓata yawunsa a banza. Ya bar ni na yi sati biyu ina cika baki, sannan ya kira ni. Ya ce shi da maƙwabtansa goma sha ɗaya na layinsu suna son shafi a intanet, wanda masu sari daga Maraɗi da Agadas da Aba za su buɗe a waya su ga atamfa da shadda da leshi kafin su taso. In na gama shi cikin sati takwas, ɗakin da ke saman kanti, inda zan zauna in yi aikin, ya zama ofishina na dindindin.

"In kuma abin bai tashi ba," in ji shi, "Litinin ɗin da ke biye ka dawo ka karɓi almakashinka."

Na ce sati takwas ai ya yi min yawa, uku ma sun isa. Ya ce a bar shi a takwas ɗin dai.

Tsakani da Allah, abin da na fito da shi daga kwas bai wuce canza launin shafi da ƙara wa rubutu girma ba. Saboda haka na ɗauki mutum biyu na sa musu suna mataimaka. Adaugo haifaffiyar Sabon Gari ce, ta shekara shida tana wannan aiki, kuma in ta yi maka magana da Hausa sai ka koma gida kake gane inda ta soke ka. Waliu ɗan Kwaciri ne, shi ke ɗaukar hoto da tsara shafi, mutum mai sanyin hali wanda ko tsawa ka yi masa sai ya ce ba damuwa. Kowannensu daga gida zai yi aiki, ni kuma ina sama a ofis ina shugabanci.

Ranar farko Adaugo ta ce da Git za mu yi aiki, ta kuma yi bayani. Kowa a cikinmu yana da cikakken kwafin aikin a kwamfutarsa, tun daga layin farko da aka rubuta. In ka yi gyara sai ka ajiye shi da sunanka da ɗan bayanin abin da ka yi, shi ake kira komit. Sannan akwai babbar ma'ajiya a intanet inda kowa ke tura nasa, kuma abin da ke cikinta shi wayoyin mutane za su nuna. Dokar guda ɗaya ce: kafin ka tura naka, ka fara jawo na 'yan'uwanka ka haɗa da naka. Na gyaɗa kai na ce ai duk mun yi wannan a kwas. Ba mu yi ba.

A satin nan na yi aikina na farko. Ana buƙatar sunayen kantuna goma sha biyun don gwaji, Kawu kuma bai kawo takardar cikakkun sunayen ba tukuna. Sai na zauna na cike guraben da sunayen da mu masu jiran kanti ke kiran alhazan nan da su a bayan idonsu. Na yi ta dariya ni kaɗai har da hawaye, na yi komit na tura. Adaugo ta bugo ta ce in cire tun kafin in manta, na ce mata injiniya ba ya mantuwa.

A sati na biyu aka yi karon da ya jawo komai. Na gyara layin farko na shafin gaba na sa "Aikin Injiniya Tasi'u", ita kuma Adaugo a wannan yinin ta gyara layin nan ta sa sunan layin kasuwar. Da na zo haɗawa sai kwamfuta ta tsaya cak, ta jera nawa a sama, nata a ƙasa, wai in zaɓi ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake shugaba, a ce na'ura ta ajiye maganata kusa da ta ma'aikaciyata tana tambayar wace ce daidai. Adaugo ta ce wannan abu ne na yau da kullum, minti biyu ake gyara shi. Ta ce akwai ma hanyar kulle fayil a tsarin, amma an yi ta ne don irin hotuna, tunda in mutum biyu suka taɓa hoto ɗaya ba yadda za a haɗa aikinsu. Rubutu kuwa ba ya buƙatar kulli, magana yake buƙata.

Duk bayanin nan kalma ɗaya ta shiga kunnena, kulli. Nan take na tuna siton Kawu, inda ake jibge diloli. Makullinsa kullum yana aljihun Kawu, kuma shekara talatin ko turmi ɗaya bai taɓa ɓata ba. Na ce ashe abin da Turawa suka kasa ganewa yana nan Kwari tun kafin a haife ni.

Washegari na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo kwaɗo arba'in da uku, daidai yawan fayilolinmu. Na sa kafinta ya buga min ƙaton allo a bangon ofis, ƙusa arba'in da uku a lanƙwashe, kowace da kwaɗonta, kowane kwaɗo da makullinsa an liƙa musu takarda mai sunan fayil. Na kira taro na karanta dokokin Tsarin Kwaɗo. Ba mai taɓa fayil sai makullinsa na hannunsa. Ba mai dawo da makulli sai ya gama aikin da ya karɓe shi dominsa. Makullin da ke hannun wani ba a ba wa wani. Na rantse musu cewa daga ranar an daina karo a wannan aiki.

"Oga Tasi'u," in ji Adaugo, "fayil ɗin yana cikin kwamfutata a Sabon Gari, kwaɗon yana jikin bangonka a Kwari. Wanne ne ya kulle wanne?"

"Kullin da ido ba ya gani ba mai tsoronsa," na ce. "Wannan kuwa ƙarfe ne."

Waliu ya ce ba damuwa.

Tunda ba a ofis suke ba, dole makullai su riƙa tafiya, don haka na ɗauki shatar Baba Yekini, wani dattijo mai adaidaita sahu da ke bayan gidanmu. Ya ce shekara goma sha biyar yana tuƙi bai taɓa ɗaukar fasinjan da ke shiga aljihu ba, amma zai gwada. Fitarsa ta farko Adaugo ce ke son gyara lamba ɗaya a lambar wayar Kawu. Baba Yekini ya ɗauki makulli da hantsi, cunkoso ya riƙe shi a wajen tasha, ya isa Sabon Gari ana kiran azahar. Ta karɓa, ta danna maɓalli ɗaya, ta miƙo masa tun bai kashe inji ba. Ya dawo min bayan la'asar, na rataye makullin da hannuna ina jin daɗi, domin yini guda an yi ba a yi karo ba.

Ni kuma tun daga ranar da aka buga allon ban sake jawo aikin kowa zuwa kwamfutata ba. A ganina mai riƙe da makullai ba ya bin bayan kowa. Ga shi ba ni da lokaci, kullum ina tsaye gaban allo ina ba da makulli ina karɓa.

Labari ya zaga layi. Mata suka fara hawowa sama suna tambayar ko ina da ƙaramin kwaɗo na akwati. Alhaji Tanimu, maƙwabcin Kawu na jikin bango, wanda ko uwarsa ce ta zo saye ba ya rage ko sisi, ya hau matakala da ƙyar yana haki. Ya tsaya ya ƙare wa allon kallo, ya tambaye ni ko Goni ya san na buɗe kantin ƙarafa a saman atamfarsa. Na yi masa bayanin Tsarin Kwaɗo tiryan-tiryan. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya sauka.

A sati na huɗu aiki ya tsaya cak. Adaugo tana riƙe da makullin shafin atamfa, ba za ta iya gamawa ba sai ta taɓa fayil ɗin jerin hotuna, wanda makullinsa ke hannun Waliu. Shi kuma Waliu ba zai iya gama jerin hotuna ba sai ya taɓa shafin atamfa. Doka ta biyu ta hana kowannensu saki, doka ta uku ta hana ni ƙwacewa. Kwana biyu Baba Yekini yana zaune a inuwar tasha yana shan kunun aya yana jiran a ce masa gabas ko yamma. Na yanke hukunci irin na manya, na ce wanda ya girmi ɗan'uwansa ya yi haƙuri ya fara saki. Nan take kowa ya zama ƙarami. Waliu da furfura ta fara tsiro masa a gemu ya rantse cewa Adaugo ta ba shi shekara biyu. Daga ƙarshe na ce na ɗage doka ta biyu na tsawon awa ɗaya, na kuma rubuta wannan a matsayin doka ta huɗu don kada a ce tsarin ne ya gaza.

Fayiloli kuma suna ta haihuwa. Duk sabon shafi sabon kwaɗo, har suka kai tamanin da bakwai, mai sayar da su yana hango ni yake miƙewa ya ba ni kujera. Zafi ya fara ɓamɓare takardun da aka liƙa, makullai suka fara rasa sunayensu a aljihun Baba Yekini. Wata Talata ya kai wa Adaugo makullin jerin sunayen kantuna, don ta cire sunayen nan nawa ta sa na gaskiya. Ashe makullin ɗakinsa ya miƙa mata. Matarsa Mama Raliat ta dawo daga cefane ta tarar da ƙofa a garƙame, ta tsaya a rana da ɗanyen kifi a leda daga azahar har la'asar. Da ta gano inda makullinta ya tafi ba ta nemi mijinta ba, ni ta nemo.

Ta yi min wankin babban bargo da Hausa, da ta ga bai ratsa ni ba ta ƙara da Yarabanci. Sannan ta finciki makulli ɗaya daga allon ta ce bari ta ga abin da ake wahalar da dattijo a kansa. Ta zura a kwaɗo na farko ya buɗe. Ta zura a na biyu ya buɗe. Tana tafe tana buɗewa, masu jiran kantunan layi sun cika matakala suna ƙirga mata da ƙarfi, sai a na talatin da biyu makullin ya ƙi. Ashe duk 'yan kwali ɗaya ne masu araha, bakinsu ɗaya. Ta ajiye min makullin a tafin hannu, ta bar min ƙarnin kifi a ofis.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa sai na ce laifin ƙarfe ne, tsarin lafiyarsa lau. Na sa Waliu ya koya min kullin nan na cikin kwamfuta da Adaugo ta ambata, wanda aka yi don hotuna. Yana juya baya na bi fayil tamanin da bakwai ɗin nan na kulle su kaf da sunana, hoto da rubutu da komai. Daga ranar babbar ma'ajiya ta daina karɓar aikin kowa sai nawa. Na ce duk mai son turawa ya bugo min in buɗe masa. Sai dai lokacin ranar nuna wa alhazai shafin ta matso, ina tsakanin tela da mai buga kati, wayata kuma kullum tana kunnena ina gayyatar jama'a. Suka buga kwana ɗaya, kwana biyu, sannan suka yi shiru.

Shirun nan na ɗauka ladabi ne, har ina faɗa a majalisa cewa na gyara musu zama. Daga baya na ji cewa ko awa ɗaya ba su tsaya ba. Kowa yana ta komit a kwamfutarsa, duk bayan kwana biyu su haɗu a shagon gyaran gashi na mahaifiyar Adaugo a Sabon Gari, wannan ya jawo na wancan kai tsaye, su haɗa, su sha lemo su watse. Ni da allona da ma'ajiyata muna can sama muna gadin iska.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu nuni, na buɗe musu kullin gaba ɗaya, bayan na sa sun roƙa sau biyu. Suka tura aikin duka. Na buɗe a wayata na ga abin mamaki, atamfa ɗari huɗu kowace da hotonta, sunayen alhazai daidai har da lambobin waya. Na ce musu aikin bai yi laifi ba, a ƙarƙashin tsari mai kyau kowa ma zai iya. Na kuma ba da umarni cewa ranar Asabar kada wanda ya zo da kwamfuta, tawa ta isa, mota ɗaya ba ta da direba uku.

Abu ɗaya ya rage, babu hotona. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ci tuwona, na buɗe kwamfutata, wadda rabonta da jawo aikin kowa sati shida ke nan. Na ɗora hotona na sabuwar shadda a shafin gaba, na yi komit, na tura. Ma'ajiya ta ƙi karɓa, wai ina baya, in fara jawo na sauran. Na sake turawa, ta sake faɗar haka. Zuciya ta ɗebe ni. Ni da na riƙe makulli tamanin da bakwai, ni ne a baya? Na bincika a intanet na samo wata kalma da ake ƙarawa, wadda ke tilasta wa ma'ajiya ta zubar da abin da ke cikinta ta karɓi naka. An rubuta gargaɗi a ƙasa da manyan baƙaƙe, na ce wannan don 'yan koyo ne. Na danna, ta karɓa ba musu. Na buɗe shafin gaba a waya na ga fuskata tana murmushi, ban leƙa ko'ina ba na rufe na tafi aski.

Asabar da hantsi aka kafa rumfa a bakin layi. An rataye farar shadda yadi biyar a matsayin allo, an kunna majigi. Alhazai goma sha biyu suna gaba a kan kujeru, bayansu baƙi daga Maraɗi, bayansu 'yan majalisarmu ta Fagge, sai mahaifiyata Hajiya Yakaka da ƙawayenta huɗu da ta gayyato su ga aikin ɗanta. Na sa an sauko da allon kwaɗuna an jingine a gefe, na yi rabin awa ina jawabi a kansa. Na ce a sati shida ba a yi karo ko ɗaya ba, kuma nan gaba daga ƙasashen waje za a zo Kwari koyon wannan tsari.

Na buɗe shafin. Hotona ya cika shaddar nan, 'yan majalisa suka tafa. Na danna kan atamfa, sai ga rago. Wani ƙosasshen rago ne na gidan su Waliu, wanda ya ɗauka a satin farko ya sa a kowane gurbi don gwaji kafin hotunan gaskiya su samu. Na danna shadda, rago. Na danna leshi, ragon nan dai, yana kallon jama'a yana tuƙa. Wani baƙo daga Maraɗi ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambaya ko shi ma a turmi ake sayar da shi.

Gumi ya karyo min har cikin sabuwar hula. Na ce wannan ɗan wasa ne na buɗe taro, na yi sauri na danna jerin kantuna don in tsere wa ragon. Sai da rubutun ya fito na tuna abin da ke cikin tsohon kwafina.

Alhaji Tanimu ya ciro tabarau ya goge ya sa, ya fara karantawa da murya irin ta mai sanarwar ɗaurin aure. Kanti na ɗaya, nasa ke nan, Alhaji Ba Ragi. Sauran alhazan suka fashe da dariya, kowa yana dukan cinyar na kusa da shi, har aka zo kansu ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Na Gaya Maka ya daina dariya. Alhaji Barci Bayan Azahar kuwa sai da aka taɓa shi ya farka ya ji nasa. Alhaji Tanimu bai tsallake kowa ba, kuma da ya zo na ƙarshe ya dakata ya gyara murya.

"Kanti na goma sha biyu, Kawu Mai Hannun Jarirai."

Idanun jama'a suka dawo kaina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma bakina bai san kunya ba. Na ce wannan zagon ƙasa ne, wani ne ya taɓa fayil ba makulli a hannunsa, kuma sai na gano shi. Kawu bai dube ni ba, ya juya wajen Adaugo.

"'Yata, wannan abin naku yana sanin wanda ya taɓa shi?"

"Yana sani, Alhaji. Da suna da rana da lokaci."

Ta dube ni, kallon da yanzu na gane dama ce take ba ni in janye. Na ce a nuna, mai gaskiya ba ya tsoro. Ta zo kan kwamfutata ta buɗe tarihin komit, ya fito a kan shadda layi-layi, Alhaji Tanimu ya ci gaba da aikinsa na karatu. Na sama, jiya Juma'a ƙarfe uku da rabi, Tasi'u: "hotona, na tura da ƙarfi tunda ta ƙi ji." Na ƙasa da shi ya yi tsalle zuwa sati shida baya, kuma duk ni ne. "Gyara." "Gyara kuma." "Wannan karon ya yi." "Bai yi ba." "Allah ya sa kada Adaugo ta gani." Sannan na satin farko: "sunayen tsofaffin nan, in suka gani na mutu."

Ƙawayen mahaifiyata suka rufe baki da mayafi, kafaɗunsu suna rawa. Ita kuwa ta ƙura wa ragon Waliu ido a wayar wata, kamar shi ne ɗan da ta zo gani.

Kawu ya tambaya ko aikin sati shidan ya tafi ke nan. Adaugo ta ce daga babbar ma'ajiya dai na share shi tas, amma ai kowa yana da nasa cikakke. Ta zuge jakarta ta ciro kwamfutar da na hana a zo da ita. Waliu ya ce ba damuwa, in tata ta ƙi, tasa tana cikin adaidaitar Baba Yekini a bakin titi. Ba a fi minti uku ba atamfa ɗari huɗu suka dawo kan shadda, kowane Alhaji da sunansa na yanka, hotona kuma ya tafi tare da ragon. Baƙin Maraɗi suka matso suna nuna zane da yatsa. Aka yi ta sa wa Adaugo da Waliu albarka, Kawu ya ce ɗakin sama nasu ne daga yau. Ni ba wanda ya bi ta kaina, sai Baba Yekini da ya taya ni zare kwaɗuna daga allo muna zubawa a kwali.

Litinin na riga kowa zuwa, don kada a gan ni ina shigowa layi. Na tsaya a ƙofar sito ina jiran Kawu ya zo da makulli kamar yadda na saba gani. Sai ga Alhaji Tanimu. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya ce Goni ya bugo zai makara, ya sa hannu a aljihunsa ya ciro makulli ya buɗe siton Kawu. Ya ce in fito da dila biyu na shadda, kuma in sani yau ma ba ragi.

Da Kawu ya iso na kasa haƙuri na tambaye shi. Ya ce makullin sito uku ne tun ranar da aka gina shi, ɗaya a wajensa, ɗaya a wajen Tanimu, ɗaya a wajen mahaifiyata.

"Wane mai hankali ne zai ɗora dukiyarsa a kan makulli ɗaya? In ya faɗi fa? Kowa yana buɗewa. Abin da ya sa ba a taɓa ɓatan turmi ba, duk wanda ya ɗauki abu sai ya faɗa wa sauran kafin ya tafi gida."

Na ce to ni da na yi shekara tara a kantin nan, me ya sa ba a taɓa gaya min ba.

"Da an gaya maka, da duk Fagge ta ji kafin magariba."

Ya buɗe durowa ya miƙo min almakashina, an ma wasa shi. Na je wajen ɗan dakon nan neman kujerata, ya ce ya riga ya saba da ita. Don haka a kan kwalin kwaɗunan nake zama har yau, a bakin kanti, ina ce wa baƙi su shigo su gani.